Iliyasu Dogo da Jirgin Alhaji Dabo

Iliyasu Dogo gajere ne. Baƙon da ya shigo kasuwar Birnin Kudu yana cigiyar Dogo mai gyaran risho yakan wuce shi yana ɗaga kai sama. Sunan ba na tsayi ba ne, na layin dogo ne, don ya yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Bauchi da Gombe a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Asalinsa mutumin Maruta ne, ta ƙasar Gwaram. Ni Ɗanbala magini, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa har ya rasu.

Ya tafi aikin dogo da hannu biyu, ya dawo da ɗaya da rabi. Wata rana suna tura tarago cike da ƙarafa, suka zo inda layin ya ɗan buɗe, ƙafar taragon ta faɗa ciki, kaya suka zube. Shi hannun hagu aka danne masa. Wanda ke gefensa, wani mutumin Azare da suke cin tuwo a kwano ɗaya, ba a ɗauke shi da rai ba. Hannun ya warke amma ya shanye, yatsun suka tsuke kamar busasshen kara. Bai taɓa zama ya ba ni labarin nan a jere ba. Matarsa Mero ce ta gaya wa matata, ni kuma na haɗa da ɗan abin da yakan saki in aiki ya yi masa daɗi.

Tun daga nan tsoro ya zauna masa. Ba ya tsoron duhu, ba ya tsoron maciji. Abin da yake tsoro shi ne abu ya goce daga inda aka sa shi. Ba ya tsayawa a ƙarƙashin tsani in ina gini. In zai hau mota sai ya zagaya ta yana duba ƙafafu, har karen mota ya gaji ya ce, "Baba, saye za ka yi ko tafiya?" Mutane suna yi masa dariya. Ni ban yi ba, don na sha ganin katangar da aka yi rantsuwa a kanta ta kwanta a damina.

Da ya dawo gida bai iya riƙe garma, sai ya koyi gyaran risho da fitila mai famfo. Irin fitilar nan ba ta kamawa sai an zuba sifirit a ƙasanta an kunna, ta yi zafi, sannan a buga famfo. Ya iya aikin ƙwarai. Da hannun dama yake riƙe kayan aiki, da shanyayyen hagun yake tallafewa yake awo. Akwai ranar da ya kira ni da tsakar rana, ya ɗiga sifirit a kan dutse, ya ƙyasta ashana, ya ce in duba. Ban ga komai ba sai dutse a jiƙe. Ya miƙa tsinke a wurin, tsinken ya yi baƙi ya kama. Ya ce wutar sifirit ke nan, in rana ta haska ta ba mai ganinta, sai dai jiki ya ji.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, Alhaji Dabo na Gwaram ya bar fataucin shanu ya koma kwangila. Ni na gina masa sabon gida, na malale tsakar gidan da siminti. Ba mugun mutum ba ne. Yana da son abin da ba kowa ke da shi ba, kuma in ya riga ya faɗa wa mutane zai yi abu, to ba ya janyewa. A wani gwanjo a Kano, inda ake sayar da kayan wani Bature mai komawa gida, ya sayo jirgin ƙasa na wasa.

Wasa ne a suna. Kan jirgin ya kai kamu ɗaya, ƙarfe ne da tagulla, sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Yana da tukunya da ake cika wa ruwa, a ƙarƙashinta kuma ɗan kasko mai lagwani da ake zuba wa sifirit. In ruwan ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu, sai ya tafi yana jan taragunsa. Ba shi da birki. In ya tashi, sai wuta ta ƙare ko ruwa ya ƙare.

Aka ce wa Alhaji ga mutum a Birnin Kudu, ya san dogo, ya san sifirit. Ya aiko mota ta ɗauke shi. Iliyasu ya goge jirgin, ya canja lagwani, ya kunna shi a ɗaki, ya yi tafiya lafiya. Amma layin da ya zo da shi gajere ne, in an haɗa shi bai fi bakin rijiya ba, Alhaji kuwa so yake jirgin ya zagaye tsakar gida. Ya riga ya sayo ƙarin layi a wani kanti, mai ƙyalli, marar kauri kamar gwangwanin madara. Iliyasu ya gwada, ya tarar ba ƙirar wuri ɗaya ba ce. Na kanti ya fi tsukewa, bakinsa kuma ba ya shiga bakin tsohon. Alhaji ya ce a ba yara na kantin su yi wasa da shi, ya mai da jirgi da tsohon layi ɗakinsa ya kulle.

Aka yi kwanaki, lokacin aikin hajji ya zo. A kan hanyarsa ta zuwa Kano Alhaji ya tsaya a rumfar Iliyasu, bai ko fito daga mota ba, ya ce ya yi magana da Maikano maƙeri a Gwaram zai ƙera layi mai tsawo, Iliyasu ya ba shi awo. Ranar da ya dawo daga Makka yake so jirgin ya zagaya a gaban 'yan barka da zuwa. Mota ta tashi da makullin ɗakin a aljihunsa.

Iliyasu ya san awon. Ranar da ya gwada layin ya sa yatsun hagunsa a tsakanin ƙarafan tsohon, yatsa uku ne cif. Ya yanki kara daidai faɗin yatsun nan. Na ce masa ya je da kansa. Ya ce zai je. Ya je tasha ya duba ƙafafun motar Gwaram, ya dawo, ya ce sai wani satin. Wani satin ma haka. Daga ƙarshe ya ba direba karan, ya ce a kai wa Maikano, a ce masa tsakani yatsa uku. Karan ya ɓace a hanya. Maganar ce ta isa.

Ranar walimar muka isa Gwaram da hantsi, ni an kira ni in toshe wata tsaga a dandamali. Kaka ce, an gama yankan dawa. Dammuna na jingine a jikin katanga ba a kai ga zuba su a rumbu ba. An tara harawa a kusurwa, tarin ya fi ni tsayi, an ɗora wata a kan rumfa. Ɓangaren mata zana ce ta kare shi. Ƙofar fita ɗaya ce, ta zaure, kuma ni na gina ta, na san mutum biyu ba sa wucewa a jere.

Maikano ya kawo aikinsa a kan jaki. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, kakanninsa duk maƙera. Aikin kuwa ba abin kushewa, ƙarfe mai kauri a kafe a kan gutsattsarin katakon maɗaci, ya fi na Bature ƙarfi nesa ba kusa ba. Alhaji ya buɗe ɗaki, aka fito da jirgi, aka jera tsohon layi da sabo a kan siminti. Iliyasu ya tsuguna ya sa hagunsa a tsakanin ƙarafan sabon. Na ga yatsun suna yawo. Ya cire, ya sake sawa. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce da Maikano a hankali, "Baba, kamar ya ɗan buɗe."

Maikano ya sunkuya ya cusa yatsunsa uku, kowane kamar taɓarya. Da ƙyar suka shiga. Ya ce, "Yatsa uku aka ce mini. Ga su nan. Ko a Birnin Kudu wani lissafin kuke yi?"

Iliyasu ya ɗaga nasa hannun ya nuna masa. Maikano ya dube shi ya ce, "To ai sai ka ce tsinke uku." Waɗanda ke tsaye suka yi dariya.

Suka ɗora kan jirgin suka tura da hannu. A miƙe yana tafiya, amma ƙafafun a bakin-bakin ƙarfe suke, kamar mai tafiya a kan katanga. A kwanar da ke kusa da tarin harawa, ƙafa ɗaya ta ɗan nutsa, ta yi ƙas, ta hau ta wuce. Maikano ya ce ai ga shi ya wuce. Iliyasu ya ce da hannu ne, in tukunya ta yi zafi gudu yake yi. Ya roƙa a cire kusoshin kwanar a matso da ƙarfen. Maikano ya ce sai an koma maƙera an sa wuta, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne.

Iliyasu ba mai iya tsayawa gaban babba ba ne. Na raka shi wurin Alhaji, yana zaune a zaure ana ta gaisuwa. Ya durƙusa, ya yi barka da zuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce da za a bar jirgin sai an gyara layi. Alhaji ya ce mutane sun taso tun daga Fagam da Maruta, ya riga ya faɗa musu. Iliyasu ya ce to a zagaya a kan tsohon layi kawai. Alhaji ya ce bai tara jama'a don su ga jirgi yana zagaya faifai ba. Iliyasu ya ce a kwashe harawar. Aka ce ba hannun da zai kwashe ta yau, duk ana hidimar baƙi.

Sai ya ce, "To ranka ya daɗe, a ajiye ruwa a kusa, ko tulu biyu."

Maikano kuwa na zaune a zauren. A ƙasarmu wuta ta maƙera ce. Su ke wasa da jan ƙarfe ranar biki, su ake kai wa wanda ya ƙone. Ka nemi ruwan kashe gobara a inda aka gayyato maƙeri ya zauna, ka ce gadonsa ƙarya ne ke nan. Maikano ya jawo takalminsa kusa da shi.

Alhaji ya ce, "Haba Dogo. Ga mai wuta a zaune ka ce a kawo ruwa? So kake ya tashi ya bar mini gida?" Ya juya ya ba Maikano haƙuri, ya ce Dogo ne, kowa ya san halinsa.

Da muka fito na ce masa mu kama hanya, ba ɗaure shi aka yi ba. Ya ce in ya tafi wani ne zai kunna, wanda zai cika kaskon har baki. Ya tambaye ni ko ina da buhun algarara, irin wanda nake rufe sabon siminti da shi. Na ɗauko. Muka zagaya bayan gida wurin kwamin dabbobi, ya tsoma shi, ya ɗan matse, ya naɗe a cikinsa a ƙarƙashin riga. Ni na ɗaure masa. Ya ce in an fara in tsaya a bakin zaure, kada in bar kowa ya zauna a ƙofar.

Kafin la'asar ruwan ya ratso rigar ya gangaro wando. Samari suka gani. Wani ya ce, "Dogo ya saki ruwa tun jirgi bai tashi ba." Aka yi ta nuna shi.

Bayan sallah aka cika tsakar gida. An shimfiɗa tabarmi har gab da layin, yara a gaba, ƙafa ba takalmi, manya a baya, mata sun ɗage zana suna leƙe. Rana na nan da haskenta a kan farin siminti. Alhaji ya zo da abin da ba a yi shawara da kowa ba, ya sa aka cika taragun da alawa da dabino, ya ce tsarabar yara ce, jirgi ne zai kawo musu. Da jin haka yaran suka ƙara matsowa.

Iliyasu ya zuba sifirit rabin kasko, ya kunna, ya zauna jira. Mutane suna tambaya ina wutar. Can tukunya ta fara tsuwa, ya ɗan tura shi, jirgin ya tafi. Aka yi kabbara, mata suka yi guɗa. Shi kuwa ya bi ta tsakiya da sauri ya je kwanar nan ya tsuguna, bayansa na jikin harawa.

Daga bakin zaure ina hango shi ta tsakanin kawuna. Jirgin ya zo kwana, na ji ƙas, ya wuce. Ya zagayo da ɗan sauri fiye da na farko, tarago na baya ya yi tangaɗi, ya wuce. Kowa yana kallon jirgi, ni ina kallon ƙasa. Ni na malale wurin, na san inda na karkatar da shi don ruwan sama ya fita. Magudanar tana kusurwar nan, a ƙarƙashin tarin harawa. Duk abin da ya zube a kwanar, can zai nufa. Na duba bayana, tsofaffi biyu sun riga sun zauna a dokin ƙofa. Na tashe su, suka zage ni, na ƙyale.

Tukunyar ta yi zafi sosai, ƙarar jirgin ta canja. Ya shigo kwana da gudu, ƙafar ta faɗa, bai hau ba. Ya kife a gefensa, ƙafafu na juyawa a sama, taragu suka watse, alawa ta bazu ko'ina. Na ga wani siririn ruwa ya fito daga ƙarƙashinsa yana gangarawa a kan siminti. Ba hayaƙi, ba harshe. Yara suka yi ca a kan alawar, daidai wurin.

Da Iliyasu ya ce wuta, da an tattake yara a ƙofar nan. Bai ce ba. Ya fizgo buhun daga cikinsa ya shimfiɗa a kan ruwan, ya sa shanyayyen hannu yana watsar da yara, wani ya faɗi nan, wani can. Kaskon na nan a jikin jirgin yana ci yana tsiyaya. Ya sa hannun dama ya damƙe shi, ya fizge, ya tura ƙarƙashin buhun, ya kwanta a kai da cikinsa.

Abin da jama'a suka gani shi ne dattijo ya ture yara ya kwanta a kan alawa. Aka fashe da dariya. Uban wani yaro da ya faɗi ya zo ya ɗirka masa takalmi a baya, yana cewa ba ka da kunya. Alhaji ya miƙe yana kiran sunansa cikin fushi. Iliyasu bai motsa ba, ya kafa goshi a siminti.

Maikano ne ya fara jin ƙauri. Na ga ya ɗaga hanci, ya tashi ba gaggawa, ya ratsa mutane. Gefen wata tabarma ya yi baƙi yana ci a hankali, tsakaninsa da harawa bai fi taku ɗaya ba. Ya taka shi da tafin ƙafa ya murje. Wata yarinya tana kuka, bakin zanenta ya yi ja, ya kama ya murtsuke da hannu. Sannan ya je ya yi wa Alhaji magana a kunne. Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Amma ya daure, ya ɗaga murya ya ce jirgi ya gaji, kowa ya fita waje, a can za a raba sauran tsaraba. Na tsaya a ƙofa ina fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun fita suna dariya.

Da wuri ya yi fili muka ɗaga Iliyasu. Buhun ya bushe a tsakiya, ya yi baƙi. Tafin hannunsa na dama ya yi fari, fatar ta tattare, yatsun sun lanƙwashe kamar har yanzu suna riƙe da kaskon. Maikano ya dubi hannun, ya ce a kai shi maƙera. A can ya wanke, ya shafa maganinsu na gado, ya yi tofi, ya naɗe da tsumma mai tsabta. Duk tsawon aikin bai yi masa ba'a ba. Da ya gama ya ce wa ɗansa ya je gidan Alhaji ya kwaso layin duka, tsoho da sabo.

Iliyasu ya ce, "Ɗanbala, harawar."

Na ce ba abin da ya same ta. Ya ce in je in sa hannu a ƙasanta. Na je na cusa hannu har kafaɗa ta wajen magudana, sanyi ƙalau. Na dawo na faɗa masa. Ba a jima ba ya ce in koma, wai wuta takan kwanta a cikin harawa ta yi shiru. Na koma. A karo na ƙarshe ban dawo ba, na sa aka rushe tarin muka baza shi a fili, dami-dami, har aka kira magariba. Sai da na kawo masa wata 'yar harawa daga can ƙasan ya sansana, sannan ya yarda ya sha ruwa.

Hannun ya warke, amma bai ƙara miƙewa ba. Allurar risho da zaren fitila suka gagare shi, ya bar rumfar. Mero ta shiga sana'ar ƙuli-ƙuli, shi yakan zauna a ƙofar gida ya tsare mata tire. Alhaji yakan aiko da hatsi duk kaka har ya rasu, 'ya'yansa kuma suka ci gaba na ɗan lokaci. Maikano ya sake layin, aka ce ya yi daidai, amma ba a samu wanda zai kunna jirgin ba. Alhaji ya sa shi a kabad mai gilashi a falo.

Iliyasu ya rayu shekaru bayan haka, ya rasu da damina, aka kai shi Maruta. A Gwaram har yau akwai masu ba da labarin ranar da Dogo ya yi kokawa da yara a kan alawa. Wasunsu su ne yaran. A da nakan tsaya in gyara musu. Yanzu na bari.